Sana'ar Tallan Fim, Daga Ƙofar Wambai Zuwa Ajin Jami'a

Idan fim ya fito a Kano ya yi tashe, jarumi da jaruma ne ke kwashe yabo, sai mawaƙi, wani lokaci a tuna da darakta. Idan kuwa ya kwanta, furodusa ne ke kwana da ciwon kai shi kaɗai. Tsakanin tashen nan da kwanciyar akwai wani mutum da ba kasafai ake ambatonsa ba. Shi ne ya zaɓi fuskar da za ta hau fosta, ya tsinto 'yan daƙiƙoƙin da za a nuna a talla, ya ce a riƙe fim ɗin sai ranar Sallah, ya kuma san ta wace ƙofa zai shiga gidajen mutane. A da ɗan kasuwa ake ce masa, yana zaune a shago kwalaye sun kewaye shi. Yau yana iya zama matashi mai kwamfuta a cinya da waya biyu a aljihu. Aikin dai bai sauya ba, sai dai yanzu ya zama abin da ake karantawa a jami'a har a rubuta jarrabawa a kansa.

A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanar da rarraba kwas ɗin aikin jarida da sadarwa zuwa fannoni da dama: talla daban, hulɗa da jama'a daban, fim da dangoginsa daban. Ɗalibin da ke wannan karatu a Kano ko Zariya, ko a Jos inda makarantar koyar da fim ta ƙasa take, za a fara masa da ginshiƙai huɗu na kasuwanci, wato kaya, farashi, wurin sayarwa da hanyar tallatawa. Za a koya masa kasa masu kallo gida-gida bisa shekaru da jinsi da abin hannu. Za a gabatar masa da ra'in su Elihu Katz da Jay Blumler na shekarun 1970, wanda ya ce a daina tambayar me kafar watsa labarai ke yi wa mutane, a koma tambayar me mutane ke yi da ita. Za kuma a ba shi labarin fim ɗin Jaws na Amurka, wanda aka saki a 1975 a gidajen sinima sama da 400 lokaci guda bayan an cika talabijin da tallansa, har ya zama abin koyi ga manyan kamfanoni.

Duk wannan ilimi ne mai amfani, ba na raina shi ko kaɗan. Amma ɗalibin da ke Kano yana da abin da littattafan nan ba su da shi. Kuɗin adaidaita sahu kawai ke tsakaninsa da kasuwar da ta shafe shekaru da dama tana sayar da fim ga miliyoyin mutane, ba tare da ofishin bincike ko kasafin kuɗin talla ba. Wanda ya kammala karatunsa bai san yadda aka yi hakan ba, to ya koyi sana'ar wasu ya bar ta gida.

Tallan fim ya riga fim ɗin Hausa zuwa Kano. Tun zamanin gidajen sinima irin su Rex da Palace da Plaza da Orion da Wapa da El Dorado, allon da ke ƙofar gidan shi ne ke kiran mutane, fosta a manne, ana tsayawa ana nazarin fuskoki tun da rana. Fina-finan Indiya ne suka fi jan jama'a, kuma 'yan kallo da kansu suka raɗa wa jaruman sunayen Hausa: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Babu kamfanin da ya biya kowa ya ƙirƙiro waɗannan laƙabobi, amma sun yi aikin da talla ba ta isa ta yi ba, domin da an ce wane ne a fim ɗin yau, kowa ya san abin da zai tarar. Sai dai a lokacin sinima wuri ne na maza. Sunanta bai yi kyau a cikin gari ba, gobarar El Duniya ta 1951 da ta ci rayuka sama da 300 ta ƙara mata baƙin jini, kuma matar aure ba ta taka can. Rabin al'umma ke nan a waje.

Kaset ɗin bidiyo ne ya sauya lissafi. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka yi don kasuwa. Fim ya daina jiran mutum ya zo wurinsa, ya bi shi har tsakar gida, kuma waɗanda ya tarar a can mata ne da yara. Kasuwar littattafan soyayya ta riga ta share masa hanya, shi ya sa fina-finan farko da dama daga littafi aka ɗauko su, kamar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa. Wadda ta karanta littafin ba ta bukatar a lallashe ta, so take ta ga fuskar mutanen da ta daɗe tana zanawa a ranta. Abin da manyan kamfanonin duniya ke kashe maƙudan kuɗi a kai, wato sayen labarin da ya riga ya tara masoya, marubutan Kano sun gano shi da kansu.

A nan ne ɗan kasuwa ya shigo, kuma tsarin da aka bi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ya gina masana'antar, shi kuma ya ɗaure ta. Furodusa ya gama fim, sai ya je maɗaba'a ya buga kwalin kaset mai ɗauke da hotunan 'yan wasa. Ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da na Bata kwalayen tare da uwar kaset ɗin da za a riƙa kwafa daga gare ta. Su ke da na'urori jere a ɗaki suna kwafa dare da rana, su ke da kaset ɗin da babu komai a ciki, su ke da abokan ciniki da ke zuwa sari daga garuruwa. Abin da furodusa ke sayarwa a zahiri kwali ne, kuma ribarsa tana kan yawan kwalin da ya fita. Wanda bai fita ba ya zama kwantai, ya dawo masa. Masanin nan Brian Larkin ya bayyana a littafinsa Signal and Noise na 2008 yadda hanyoyin da aka shimfiɗa tun farko don kwafar fina-finan Indiya da na Amurka suka zama su ne titin da fim ɗin Hausa ya bi ya watsu. Ta wannan titi kaset ya kai Maraɗi da Damagaram da Yamai, ya kai zangon Kumasi da na Ankara, ya tsallaka Kamaru da Cadi da Sudan, alhazai da mazauna Saudiyya ma ba a bar su a baya ba.

Dubi abin da wannan tsari ya haifar. Tunda kwali ne kaya, fuskar da ke jikinsa ita ce komai. Mai sari daga ƙauye ba shi da lokacin kallon fim kafin ya saya, kwali yake ɗagawa ya duba su wa ke ciki. Yaron da aka aiko daga gida shi ma da sunan jaruma aka aiko shi. Ɗan kasuwa kuwa, da yake kullum yana ganin wanda ya ƙare da wanda ya yi ƙura a kanta, sai ya zama shi ne ya fi kowa sanin fuskar da ke sayar da kaya. Daga sani sai iko. Ya fara gaya wa furodusa ya sa wane da wance, ya ƙara waƙa, ya raba fim gida biyu a yi na ɗaya da na biyu. Daga baya wasunsu suka riƙa zuba kuɗinsu a shirya musu fim yadda suke so. Daraktoci sun daɗe suna kukan cewa 'yan kasuwa sun kashe basira, kuma kukan yana da tushe. Amma adalci shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren: mutanen nan sun ɗauki kasadar da banki bai ɗauka ba, gwamnati ma ba ta ɗauka ba, kuma sun san abokin cinikinsu da fuska da suna, sun san lokacin da kuɗi ke shiga hannun mutanen karkara bayan kaka da lokacin da kasuwa ke yin sanyi.

Waƙa ce babban makami. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki dab da shigowar shekarun 2000, tallansa ya riga shi zagaya gari, kuma waƙarsa ce ta ɗauki tallan. Kafin kaset ya iso kanti, yara na rera ta a lungu, ana sa ta a gidan biki. Tun daga nan aka gane cewa waƙa ita ce ke yin gaba, fim ya biyo ta. Akan manna tallan fina-finai masu zuwa a farkon kowane kaset, mai kallo ya sha su kafin ya kai ga abin da ya saya, kaset ɗin waƙoƙi kuma ya fita daban a wurin masu kaset na bakin titi da tashar mota. Har ta kai wasu kan fara ɗaukar waƙa da rawa su haɗa talla, su nuna wa ɗan kasuwa, in ya yaba sannan a nemi kuɗin ƙarasa fim. Ɗan fiyanon Yamaha da ke ɗakunan kiɗa na Kano ya sayar da fina-finai fiye da kowane allon talla.

A gefe guda ga camama, fina-finan barkwanci masu arha da saurin fitowa, inda marigayi Rabilu Musa Ibro ya nuna wata dabarar. Sunansa ya zama rabin sunan fim, sai a liƙa masa abin da gari ke magana a kai a lokacin, kamar Ibro Usama. Ba a bukatar dogon bayani, sunan ya gaya maka wanda za ka gani da abin da za a taɓa. Mujallu ma sun taka rawa. A mujallar Tauraruwa ne Sunusi Shehu Daneji ya fito da sunan Kannywood a 1999, a shekarar ce kuma Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim, wadda ta mayar da rayuwar 'yan wasa abin bibiya daga wata zuwa wata.

Sai kasuwar ta rushe, cikin 'yan shekaru kaɗan. Kaset ya ba faifan sidi wuri, faifai ya fi sauƙin sata, sannan waya mai katin ajiya ta zo ta binne su duka. 'Yan dawunlodin suka kafa tebur a kowace kasuwa da bakin tasha, suna tura wa mutum fina-finai a wayarsa da 'yan canjin da ba su kai kuɗin faifai ɗaya ba, furodusa bai ga ko sisi ba. Fina-finan Indiya masu fassarar Hausa, irin na Algaita, suka shigo da faɗa da ƙawa da fim ɗin gida ba shi da kuɗin yi. Shaguna da dama a Ƙofar Wambai suka koma sayar da wasu kayan.

Abin da ya biyo baya shi ne duniyar da ɗalibin yau zai yi aiki a ciki, kuma ba ƙofa ɗaya gare ta ba. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta sabar wa mutane da shiri mai dogon zango kamar Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Gidan Badamasi, inda kuɗi ke fitowa daga masu ba da talla. An gwada komawa sinima a rukunin shagunan Ado Bayero, inda aka haska fina-finai irin su Mansoor na Ali Nuhu a 2017. A fim ɗin nan an ɗora mawaƙi Umar M. Shareef a matsayin jarumi tare da sabuwar fuska, Maryam Yahaya, wato an jawo masoyan waƙoƙinsa zuwa kujerar sinima. An samu manhajoji na biyan kuɗi irin su Northflix. Amma inda taron ya fi yawa shi ne YouTube, musamman daga 2020 da Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira suka nuna cewa mutane za su jira shiri mako-mako, su sayi data dominsa.

To yaya aikin yake a yau, in mutum ya zauna yin sa? Tun kafin a fita lokeshin ya kamata a sa mai talla a zance, domin tambayarsa ta farko ita ce: wa ake yi wa wannan fim? Amsar "kowa da kowa" ba amsa ba ce. Uwar gida da ke kallo bayan ta sauke tukunyar dare, ɗaliba a ɗakin kwanan makaranta, ɗan kasuwa a Jidda da ke kewar gida, matashi a majalisa da abokai huɗu sun sa kai a waya ɗaya, kowannensu da abin da ke riƙe shi da abin da ke korarsa. Daga amsar ne suna ke fitowa, kuma suna mai kyau gajere ne, mai daɗin faɗi, wanda za a iya rubutawa a wurin nema ba tare da an yi kuskure ba. Daga ita ne ake sanin wa za a ɗauka, da irin waƙar da za a yi.

Sannan hoto. Tsohon kwalin kaset bai mutu ba, ƙanƙancewa ya yi ya koma ɗan hoton da ke kan bidiyo a YouTube, wanda bai fi faɗin yatsu biyu ba a fuskar waya. Cunkusa fuska takwas a cikinsa, kamar yadda aka saba a fosta don kada wani ɗan wasa ya yi fushi, ɓata shi ne. Fuska ɗaya ko biyu da ke nuna wani hali, da rubutu kaɗan mai girma, sun fi. Mai wannan aiki dole ya iya haƙuri da mutane, domin rigimar wa aka sa a gaba wa aka tura baya ta girmi intanet.

Yankan talla shi ne inda gwaninta ke bayyana. Talla kamar ɗanɗanon da mai tsire ke miƙo maka ne a bakin wuƙa: in ya yi kaɗan ba ka ji komai ba, in ya yi yawa ka ƙoshi ka wuce, in kuma ya ba ka tsoka ya ƙunsa maka kitse, gobe ba za ka dawo ba. A cikin minti ɗaya ko biyu ana so mai kallo ya san su wa ke rigima, a kan me, ya kuma tashi da tambayar da ba zai samu amsarta ba sai ya kalla. Daƙiƙoƙin farko su ne masu tsada, domin yatsan mai waya ba ya jira. Akan kuma yanka gutsattsari daban don TikTok da Instagram da Facebook, a raba wa 'yan wasa su ɗora a shafukansu a lokaci guda. Jarumar da ke da mabiya miliyan ta zama gidan rediyo mai zaman kansa, furodusoshi kuma sun san haka lokacin da suke zaɓe. Rediyon gaske ma bai tsufa ba a ƙasar Hausa, har yanzu yana kai saƙo inda data ba ta isa.

Lokaci ma sana'a ne. Da azumi hankalin jama'a na komawa ga tafsiri, shirye-shirye da dama kan tafi hutu, Sallah kuwa ita ce babbar kasuwa, kowa na son ya fito a cikinta har a yi cunkoso a danne juna. Shiri mai dogon zango yana rayuwa ne da cika alkawarin rana da sa'a. In aka saba wa mutane da wani dare sannan aka fara tsallakewa, sai wani ya gaje gurbin.

Batun kuɗi ya kamata ɗalibi ya san shi dalla-dalla, kada ya ruɗu da yawan lambobi. YouTube ba ta fara biyan tasha kason talla sai ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a cikin shekara, kuma mai tasha na samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da aka sa a dogon bidiyonsa. Amma farashin tallan ya danganta da ƙasar da mai kallo yake. Kallo ɗaya daga Ingila ko Amurka ya fi kallo da yawa daga Najeriya ko Nijar kawo kuɗi. Shi ya sa shiri ke iya tara miliyoyin kallo, mai shi yana fama da biyan 'yan wasa. Wannan giɓi ne ya sa ake cusa tallan 'yan kasuwar gida a cikin shirin kansa: masu filaye da gidaje, masu turare da atamfa, makarantu, masu maganin gargajiya. Nemo waɗannan masu talla, da yi musu farashi, da sanin inda za a sa su ba tare da an yanke wa mai kallo jin daɗi ba, yanzu babban reshe ne na sana'ar. Akwai amana a ciki. Shirin da ya tallata maganin da ba a tantance ba, ko filin da babu shi, ya ci amanar matar da ta yarda da shi shekara da shekaru, kuma a ganina mai tallan da ya san aikinsa dole wani lokaci ya ce a'a ga kuɗi.

Yanzu ga inda nake ganin ɗalibi zai yi abin da magabatansa ba su yi ba. Ɗan kasuwar Ƙofar Wambai ya san abin da ya fita, amma bai taɓa sanin dalili ba sai dai hasashe. Fim mai waƙa uku ya ci kasuwa, sai ya ce waƙa ce, a ƙara ta huɗu. Wataƙila kuwa labarin kishiya da ke ciki ne ya taɓa mata, ko wata uwar miji da kowa ta ga tata a jikinta. Hasashen nan ne ya sa aka yi ta maimaita abu ɗaya har mutane suka gundura. Mai tashar YouTube ya fi shi kayan aiki nesa ba kusa ba: allonsa na nuna masa minti nawa aka kalla, a wace daƙiƙa aka gudu, daga wace ƙasa, mutum nawa ne suka ga hoton suka latsa. Amma shi ma lambobin na iya yaudararsa. Wayar da aka yi wa rajista da sunan maigida ko ta babban ɗa, uwar gida ce ke kallo da ita, allo kuma zai rubuta namiji. Waya ɗaya mutum biyar ke kallo, allo zai rubuta ɗaya. Wanda ya karɓa a wurin 'yan dawunlodin ko aka tura masa daga wayar maƙwabci, allo bai san da zamansa ba, alhali suna da ɗimbin yawa. Masu rubuta ra'ayi a ƙarƙashin bidiyo kuwa 'yan tsiraru ne masu ƙarfin murya, wanda ya gina labarinsa a kan ihunsu zai iya rasa masu shiru da suka ninka su.

Maganin wannan shi ne abin da ake koyarwa a ajin dabarun bincike, wanda ɗalibai da yawa ke ɗauka a matsayin wahalar cike takarda: a je a tambayi mutane, a zauna a saurare su, a rubuta. A nan ɗalibai mata ke da damar da babu namijin da ke da ita. Masu kallon da suka riƙe masana'antar nan tun 1990 suna cikin gidajen da aka rubuta "ba a shiga" a ƙofarsu. Ɗaliba za ta yi sallama ta shiga, ta zauna a tabarma, ta ce Mama me ya sa kika daina kallon shirin nan, Yaya wace fitowa ce ta sa ki kuka. Amsoshin da za ta fito da su babu su a allon kowa. Ga misalin tambayar da ke jiran mai bincike: lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, daga baya kuma aka ɗauko sabon labari da sababbin fuskoki a ƙarƙashin sunan, shirin ya ci gaba da jan jama'a. Me mutane ke bi, jarumi ne, ko darakta, ko sunan shirin, ko sabon da suka yi da daren da yake fitowa? Duk furodusan da ya samu amsar gaskiya ya san inda zai sa kuɗinsa.

Akwai kuma wani mai kallo da littafin Amurka ba zai gaya wa ɗalibi labarinsa ba, wato wanda ba ya kallon fim ɗin amma yana ganin tallansa. Fosta da gutsuren bidiyo suna isa ga uba da malami da mai unguwa waɗanda ba za su taɓa zama su ga yadda labarin ya ƙare da wa'azi ba. Da abin da suka gani a daƙiƙa 30 za su yi hukunci. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana nan, an taɓa dakatar da ɗaukar fim a jihar na tsawon watanni a 2007, kuma a 2016 an janye shirin gina alƙaryar fim a Kano bayan malamai da jama'a sun nuna adawa. Mai tallan da ya tsinto wurin da ya fi tsokana don ya tara masu latsawa, yana iya samun abin da yake so a mako guda ya jawo wa dukan masana'anta abin da za ta shekara tana biya. Sanin inda iyakar kunya take a al'ummar da kake sayar wa kaya yana cikin sanin mai kallo.

Ba daga sifili za a fara ba. Tun 2003 aka yi taron masana kan fina-finan Hausa a Kano, wanda ya haifar da littafin Hausa Home Videos: Technology, Economy and Society a 2004, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya shafe shekaru yana rubuta tarihin wannan kasuwa da al'adunta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lissafi. Babu wata ma'ajiya da mutum zai je ya ga kwali nawa fim kaza ya sayar, ko nawa aka kashe aka samu nawa. Ilimin yana kan tsofaffin 'yan kasuwa da yaran shagonsu na da, kuma shekaru na tafiya da su.

Don haka kirana ga sassan koyar da sadarwa na jami'o'inmu da kwalejoji shi ne su tura ɗalibai da na'urar naɗar murya wurin waɗannan dattawa tun suna raye, a karɓi aikin a matsayin kundin kammala karatu. Furodusoshi da masu tashoshi kuma su buɗe wa ɗaliban da ke zuwa sanin makamar aiki allon lissafinsu, kada a tsaya aikensu sayo abinci a lokeshin. Kai kuma ɗalibi, ke kuma ɗaliba, kafin zangon karatun nan ya ƙare ku zaɓi shiri ɗaya da ake yayi, ku nemi mutum 20 da ke kallonsa a unguwarku, ku tambaye su dalili, ku rubuta abin da suka faɗa da bakinsu.